Shekarar da Aka Yi wa Kurma Shela da Lasifika

An ce mani 'yan makonni kuka yi kuna koyon maganar hannu a waya, har an ba ku takardar shaida mai hatimi. Madalla. Ni a cikinta na yi furfura, kuma har yau in kurame biyu suka kaure da musun ƙwallo, rabin zancen wuce ni yake yi. Amma tun da hukuma ta turo ku in nuna muku aikin tafinta, ku samu wuri ku zauna. Kai mai agogon ƙarfe, cire shi ka sa aljihu. Ke kuma mai lalle har gwiwar hannu, yau dai an yafe miki.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kowa ke ganin zai iya. Hannu biyu ne, da fuska, da riga marar ado. Babbar riga ba tamu ba ce, don kana tsakiyar magana hannunta zai zubo ya haɗiye maka rabin jimla. Ba a tsayawa a gaban taga, in ba haka ba inuwa kawai kurma zai gani tana rawa. Ba a cin goro a bakin aiki. Fuskar nan da kuke ɗaurewa don a ce kuna da kamun kai, ita ce rabin sana'ar. Hannu zai ce ka ci abinci, gira ce ke mayar da shi tambaya. Wanda fuskarsa ba ta motsi, ko ya haddace alamun duniya, kamar mai karanta labarai ne da baki cike da tuwo.

Ni ba makaranta aka kai ni ba. Wankin hula mahaifina ya kai ni koyo wurin Malam Ummaru a Ƙofar Taramniya, mutumin da aka haifa kurma. Aikina ɗebo ruwa, dama sitati, goge hula da buroshi, da jera su a rana. Ranar farko ya yi mani wata alama, ya miƙo mani kwano. Na ruga na dawo masa da fura. Ashe sitati ya ce. Ya dube ni, ya dubi furar, ya shanye ta, ya sake miƙo mani kwanon da alamar nan dai, bai ƙara komai a kai ba. Haka yake koyarwa. In ka kawo daidai ya karɓa, in ka kawo shirme ka koma. Bayan la'asar kuwa kuramen gari sukan taru a gindin rumfarsa, da masu ɗinki, da masu dako, da wani mai gyaran keke. A nan na gane mutanen da ake cewa ba su magana sun fi kowa surutu a Sakkwato. Su suka raɗa mani suna, yatsa biyu a jawo kunne, saboda kunnuwana sun buɗe kamar murfin tukunya. Ba ka zaɓar sunanka a wurinsu. Abin da ido ya fara gani a jikinka shi ne kai har ka mutu. Ku ma za a raɗa muku, kuma kada ku sa rai da na yabo.

Abin da kuka koya a waya maganar makaranta ce, wadda aka zo da ita daga waje, mai harrufa a yatsu. Tana da amfani. Amma akwai maganar hannu ta gari, wadda kurame suka gada a kasuwa da zaure, akwai kuma tsohuwar da za a kawo muku daga ƙauye, ba ta san ko ɗaya ba sai alamun da ita da 'yarta suka ƙirƙira a tsakar gida. Ranar da kuka tsaya gabanta kuna jera mata harrufa da yatsu, za ta ɗauka kuna korar ƙuda ne.

Kuna kuma zaton kurame ne masu wuyar sha'ani. A'a, masu ji ne masu wuyar. Na taɓa raka wata mata asibiti, cikinta na ciwo. Likita ya tambaye ta, ba ta ji ba, sai ya ƙara murya. Ba ta ji ba, ya ƙara. Kafin in gama gyara tsayuwa duk masu jiran layi sun san abin da ke damunta, ita kaɗai ce ba ta san abin da ake tambaya ba. Wani kuma ba zai ko dubi kurman ba, kai zai zuba wa ido yana “ka ce mishi, ka ce mishi,” kamar mutumin yana Makka. Su manya a wurin taro nasu daban ne. Za su yi ta magana mai tsawo, kai kana gefe hannunka na neman abin da zai kama, babu. Ranar da aka buɗe ofishin nan namu, bayan an yi dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, a saman bene aka yi bikin. Guragu suka zauna a ƙasa suna jin tafi daga sama. Da aka zo ɗaukar hoto sai aka ciccibi guda aka hau da shi. Ni ma na fito a talabijin ranar nan, gwiwar hannuna ta hagu.

Kada ku ce na raina hukumar. Tana da amfani, kuma amfaninta yawanci mace ɗaya ce, Hajiya Luba, lauyar da ke karɓar koke. Shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, da sanduna biyu take tafiya, kuma ban taɓa ganin ta ajiye magana a rabi ba. Da ita muka yi shekarar da ta fi kowace muni a aikina, shekarar korona.

Ku tuna a lokacin kowa ya rufe baki da hanci da takunkumi. A wurinku zafi ne kawai da gumi. A wurin kurma kuwa an kashe masa fitila ne, don ba leɓe, ba kumatu, ba ya sanin mai kallonsa murmushi yake ko zagi. A cikin wannan hali Sahabi ya shigo ofis. Baduku ne, kurma, yana ɗinka takalma da matasan kai na fata a wata 'yar kasuwa a Tudun Wada, a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa. Ya shigo da basillarsa da wuƙarsa da guntayen jar fata ƙunshe a buhu, ya ajiye a gaban teburin Hajiya Luba, ya fara ba ni labari da hannu.

An rufe kasuwa saboda cuta. Da za a buɗe, ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce kowa ya zo ya sake rubuta sunansa, wanda bai zo ba ya bar rumfa. Aka zagaya da mota ana shela. Sahabi yana gida yana jiran ya ga mutane sun fara fita. Ranar da ya je, ya tarar an sauya kwaɗo, an zubar masa da kaya a waje, wani saurayi na jera cajar waya a inda ubansa ya tsufa. Saurayin kuwa, ikon Allah, ɗan ƙanen shugaban ƙungiyar ne, Alhaji Mainasara mai hatsi.

Hajiya Luba ta kira zama. Na ce ba zan iya aiki da takunkumi ba, masinja ya ce doka ta hana cirewa a cikin ɗaki, don haka aka fitar da benci gindin darbejiya. Alhaji Mainasara ya iso da sakatarensa, ya gaisa da kowa har direban ofis, ya tsallake Sahabi. Ya zauna ya dube ni.

Ya ce, “Ka ce mishi mu ba mu zalunce shi ba. Shela munka yi, kowa ya ji.”

Hajiya Luba ta ce, “Da mi kunka yi shelar, Alhaji?”

“Da lasihika mana. Har rediyo anka hwaɗi.”

“Shi kuma kurma na.”

“To, wanga ba laihinmu ba na, Hajiya. Haka Allah Yay yi shi.”

Ina mayarwa da hannu, Sahabi na kallo. Da Hajiya ta sunkuya tana rubutu, sai Alhaji ya karkata wajen sakatarensa, ya rage murya, ya ce, “Shi bebe mi zai yi da runhwa? Ya tai bakin masallaci ya zamna a ba shi sadaka, ya hi mishi.”

To, ga abin da waya ba ta koya muku ba. Duk abin da kunnen tafinta ya ji a wurin zama, idon kurma sai ya gani. In masu ji za su iya jin raɗa, shi ma yana da haƙƙin ganinta. Ba kai za ka zaɓa masa abin da zai iya ɗauka ba. Hannuna ya faɗa masa, da masallacin, da sadakar, duka.

Alhaji ya ga fuskar Sahabi ta sauya. Ya ce mani, “Kai, mi kaka hwaɗa mishi?”

Na ce, “Abin da kac ce, Alhaji.”

“Ai ba da shi nika ba.”

Na mayar da wannan ma.

Sahabi ya gyara zama. Ya naɗe hannun riga, ya fara magana a hankali. Ni kuma na ba shi bakina. Ku sani, tafinta ba ya cewa “ya ce.” In kurma ya ce ni, kai ma ni za ka ce. Don haka muryata ce ta fita tana cewa, “Duk ƙarshen wata in za a amshi kuɗin ƙungiya kun san hanyar runhwata. Ku taɓa kahwaɗata, ku murza yatsu, in ba ku. Ba ku taɓa zo min da lasihika ba. Ranar shela, kahwaɗar tawa ina tat tai?”

Sakatare ya shiga duba farcensa. Da Sahabi ya tsaya a nan, da na koma gida da mutuncina. Bai tsaya ba. Ya ɗaga hannu ya zana ƙaton ciki a gabansa, wato sunan da kuramen kasuwa suka raɗa wa Alhaji tun da daɗewa. Dokar da ta sa na kai masa raɗar Alhaji, ita ce ta sa dole in kai wa Alhaji wannan. Na ce, “Kuma Mai Tumbi ya sani, ni ban taɓa bara ba, ubana ma bai yi ba.”

Hajiya Luba ta kama tari a cikin takunkumi. Alhaji ya miƙe. Bai dubi Sahabi ba, ni ya nuna da yatsa, ya ce ya san ubana, ya san gidanmu, kuma zan gani.

Na kuwa gani. Hajiya ta rubuta hukunci cewa an nuna bambanci, a mayar da rumfa. Sai dai hukumarmu ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku, tana da hatimi mai kyau. Alhaji ya karɓi takardar ya ajiye, ya tafi wurin manya ya ce tafinta ya zage shi a bainar jama'a. Daraktan hukumarmu ya kira ni ofishinsa, ya sa na tsaya.

Ya ce, “Malam, ai da ka ɗan gyara zancen.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, na wane ɓangaren za ni gyara?”

Ya ce in bar masa wayo. Kashegari aka mayar da ni sito, in riƙa kula da sanduna da kekunan guragu da ake ajiyewa don ranar rabo. Hukumar kare haƙƙin masu nakasa ta zauna ba tafinta. Kurma ya zo da kuka, a miƙa masa takarda da biro, ko ya yi makaranta ko bai yi ba. Waɗanda suka san inda nake sukan zagayo bayan sito su same ni, in saurare su da ido, in lallaɓa in faɗa wa Hajiya Luba.

Darakta dai mutum ne mai tausayi, ba zan ɓoye alherinsa ba. Ya ce bai kamata Sahabi ya tafi hannu sake ba, a ba shi keken guragu, a ɗauki hoto. Ni na fito da keken daga sito. Sahabi ya dubi keke, ya dubi ƙafafunsa, ya tambaye ni ko an yi wata shela ce cewa sun lalace, shi bai ji ba. Ba kowa a wurin da zan faɗa wa sai mai hoto, na kuwa faɗa masa.

Damina ta shigo. Sahabi na ɗinki a gindin wata katanga a bakin titi, hadari ya taso ya tattara, rana ta fito ya shimfiɗa. Fata ba ta son laima. Masu sayen kayansa da suka san rumfa ba su san katanga ba. Ga iyali a gida. Hajiya Luba ta shigar da magana kotu, aka sa rana, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Na fara ganin Sahabi na ramewa, wuyan rigarsa na yi masa yawa.

Kuramen da kansu suka yanke shawara, ba mu muka koya musu ba. Malam Ummaru ya daɗe da rasuwa, amma hirar la'asar tana nan. Sai suka ɗauke ta daga Ƙofar Taramniya suka kai ta tsallaken shagon hatsin Alhaji Mainasara. Suka shimfiɗa tabarmi a inda ba su tare wa kowa hanya ba. Ba kwali, ba ihu, ba jifa. Hira kawai. Hannu na tashi, ana dariya, jefi-jefi wani ya waiga ya dubi shagon, ya juyo ya ci gaba. Alhaji ya kira 'yan sanda. Suka tarar da Hajiya Luba zaune a kujera a gefen tabarma, sandunanta jingine, ta tambaye su wace doka ce ta hana hira. Suka gaishe ta suka tafi.

Kullum bayan la'asar sai sun zo, kuma kullum ƙaruwa suke. Masu wucewa suka fara tsayawa kallo. Masu awo suka ga taro, suka zarce shagon gaba. Amma ba cinikin ne ya fi cin Alhaji ba. Mutum ne da ya saba ba a magana a kasuwa sai ta biyo ta kunnensa, yau ga mutane a gabansa suna zance da dariya, ba ya tsintar ko kalma. Yaransa sun ce har mudu ya riƙa zubarwa.

Wata rana ina sito sai ga masinja, wai darakta na kira. Alhaji Mainasara ya aiko yana neman hukuma ta taimaka masa da tafinta. Darakta ya duba sama ya duba ƙasa, duk ma'aikatansa ba mai iyawa sai wanda ya ajiye cikin sanduna. Ya ce in je, amma in yi hankali da bakina.

Na hau babur na bi ta Sama Road na isa. Alhaji ya sa aka kawo mani kujera da ruwan sanyi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya matso.

Ya ce, “Mi waɗanga ka cewa?”

Na duba tsallake. Na ce, “Mai jar hula akuyarsa ta haihu, biyu. Na kusa da shi ya ce alƙalin wasan jiya makaho na. Tsohon can ƙahwarsa ka ciwo.”

“Ƙarya kaka yi.”

Na ce, “Alhaji, ka taɓa ganin na ɓoye maka abin da anka ce?”

Ya sake duban tsallake. Can ya ce, “Wancan hwa, da yad dube ni yay yi dariya?”

“Ya ce geronka da tsakuwa.”

Ya daɗe yana kallonsu. Sahabi na tsakiyarsu yana ɗinkin takalmi, bai ko ɗago ba. Alhaji ya tambaye ni har yaushe za su riƙa zuwa. Na tsallaka na tambaya, na dawo na ce masa sun ce wurin ya yi musu, akwai inuwa, kuma ranar Juma'a 'yan'uwansu na ƙauyuka za su shigo.

Kafin Juma'ar aka samar wa mai cajar waya wata rumfa a layin baya. Ashe akwai rumfuna. Aka tara mu a kasuwa za a miƙa mabuɗi. Darakta ya zo da mai hoto, ya yi jawabi cewa hukuma ta yi nasarar sulhu cikin hikima, na mayar da hannu har da hikimar. Alhaji ya riƙe mabuɗi ya juyo wajena, ya ce, “Ka ce mishi,” sai Hajiya Luba ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Ga shi nan gabanka, Alhaji.” Ya juya, ya dubi Sahabi ido da ido, karo na farko da na gani, ya miƙa masa. An cire katakon jera kaya, rufi na yoyo, amma rumfar ubansa ce. Ni ma aka fito da ni daga sito ba tare da an ce mani komai ba, kamar yadda aka shigar da ni.

Da jama'a suka watse, Sahabi ya jawo kunnensa da yatsa biyu, wato ni. Na matsa ina gyara fuska don karɓar godiya. Ya ce ya lura da ni wajen jawabin darakta. Ya ce na tsufa, hannuna ya fara in'ina, kuma in ban nemo yara na koya musu ba, ranar da na kwanta za a koma miƙa musu biro.

Na kai wa Hajiya Luba maganar yadda ya faɗe ta. Ta yi ta bibiya har aka gaji da ita aka ɗauke ku. Yanzu haka Sahabi na zaune a bencin waje, ya rufe rumfarsa tun safe don ku. Ya ce shi zai fara gwada ku, ɗaya bayan ɗaya, kuma ni kada in shiga. Ku bar takardun shaidar a nan kan tebur, ba zai tambaye su ba. Kai mai agogo, kai ne na farko.